Tsohon Ramin Darma na Zurak: Yadda Aka Haƙa Shi, da Abin da Ya Rage Cikinsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, ga kaka ta wuce, an ɗaure dammuna an rufe rumbuna. Samari da yawa sun ɗauki jaka za su ci rani. Can dauri, in an ce ci rani, ana nufin ga-ruwa da dako da yankan farce a Kano ko Legas. Yanzu da yawa rami suke biɗa. Tun da zinariya ta fito a Jado cikin shekarar 2014 ta Bature, kowane gari ya samu masu tafiya haƙa. Wasu arewa suke yi, wasu kuwa su ƙetara iyaka su shiga Zamfara, ko Neja, ko Filato. Saboda su ne da iyalinsu muka kawo labarin wani tsohon ramin darma da ke ƙasar Najeriya.

Darma ita ce wadda ƴan uwanmu na Kano suke ce ma dalma. Kowa ya san ta. Ita ce cikin batirin mota da batirin sola. Ita masunta ke ɗaura ma birgi don ya nitse. Da ita ake liƙe kwano in ya ɓule. Amma kaɗan ne suka san daga inda take fitowa, ko da yake uwarta tana cikin ɗakin kusan kowace mace. Tozalin dutse, wanda ake niƙawa a zuba a tandu, shi ne dutsen darma. Masana duwatsu suna kiransa galina. In tsantsarsa ne, cikin kashi 100 kusan kashi 87 darma ce, sauran farar wuta. Shi ya sa yake da nauyi haka. Ɗan guntu mai girman ƙwan kaza yana kai giram 400, in kuma aka fasa shi sai ya tsage da kusurwa huɗu-huɗu kamar ɗunkulen sukari, yana walƙiya.

Inda Zurak take

Zurak tana cikin ƙasar Wase, a jihar Filato, kudu maso gabas da Jos, wajen da ƙasa ke gangarawa zuwa kogin Binuwai. Garin da ke kusa da ramukan ana ce mashi Kampani Zurak. Sunan kaɗai ya isa labari: kamfani ne ya fara zama, gari ya biyo baya.

Ba Zurak kaɗai ke da wanga dutse ba. Akwai wata doguwar ƙasa da ta bi kwarin Binuwai, mai tsawon ɗaruruwan kilomita, tun daga Ishiyagu da Abakaliki a ƙasar Ibo, ta biyo Arufu da Akwana wajen Wukari, har ta iso Zurak da Gwana. Duk tsawonta ana samun jijiyoyin darma nan da can. Masana sun ce wajen shekara miliyan 100 da suka wuce wani reshe na teku ya kwanta a kwarin. Laka ta taru ƙarƙashinsa ta daskare ta zama dutse mai falle-falle. Daga baya ƙasa ta motsa, dutsen ya tsattsage. Ruwan zafi mai gishiri ya taso daga can ƙasa ya bi tsagogin, ya huce, ya bar abin da ya ɗauko. Abin da ya bari shi ne tozali, da dutsen tutiya wadda ake shafe kwanon rufi da ita, da ƴar azurfa da ke ɓoye cikin tozalin.

Abin sha'awa, a wagga ƙasa ɗin ne kuma ake samun rijiyoyin gishiri, irin na Awe da Keyana. Gishiri da tozali ƴan gida ɗaya ne. Tun kafin Bature ya zo, mutanen wuraren suna tonon tozali daga inda jijiya ta leƙo bisa ƙasa, fatake Hausawa suna saye suna kaiwa kasuwannin arewa. Daga Kano da Katsina ƴan koli su rarraba shi har kasuwannin ƙauye irin namu. Tonon wancan zamani bai da zurfi. Da an kai ga ruwa sai a bari, a koma wani wuri.

Zuwan kamfani

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, ba su daɗe ba suka aika masu awon duwatsu ko'ina. Sun kuma yi doka cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, mai gona samanta kaɗai gare shi. Abin da ya fi ɗauke masu hankali shi ne kuzar Jos, inda kakanninmu da yawa suka je lebura, wasu don biɗar kuɗin haraji, wasu don gudun aikin tilas na Faransa. Amma ba su ƙyale darma ba. A Abakaliki an soma haƙa da injuna cikin 1925. A Zurak ma wani kamfanin Ingila ya yi aiki tsakanin Yaƙin Duniya na ɗaya da na biyu, yana fidda darma mai azurfa, sa'an nan ya tattara ya tafi.

Bari mu faɗi yadda irin waɗanga ramuka ke aiki, don wanda ya san yadda aka gina abu shi ya san ta inda zai rushe.

Jijiyar darma ba shimfiɗe take kamar tabarma ba. Tsaye take cikin ƙasa, kamar an kafa faifai a gefensa. Wani wuri kaurinta bai wuce tafin hannu ba, wani wuri ta fi tsawon mutum, wani wuri ta ɓace sai an yi gaba a sake iske ta. To, sai a haƙa rijiya babba kusa da ita, a yi mata ɗauri da itace ko siminti. Wagga rijiya ita ce ƙofar komai: ta nan mutane ke sauka, ta nan ake jawo dutse da guga ta ƙarfe, ta nan bututun ruwa ke fita. In an yi wani zurfi sai a huda hanya a kwance ta bi jijiyar. A ƙara zurfi a huda wata ƙarƙashinta. Haka nan har ramin ya zama kamar gidan sama mai hawa-hawa, amma a juye.

Tsakanin hawa da hawa nan ne ainihin aikin yake. Maza su tsaya a hanyar ƙasa su riƙa cin jijiyar da ke bisa kansu. A huda dutse da ƙarfe da guduma, a cusa nakiya, a ja da baya. In ta tashi, dutsen ya zubo, a jira hayaƙi ya fita, a kwashe. Inda aka cire jijiya sai ya bar kogo mai tsawo, siriri, bango biyu suna fuskantar juna ba abin da ya raba su. Don kada su haɗe sai a gicciya gumagumai tsakaninsu, a kuma bar wasu ginshiƙai na jijiyar kanta ba a taɓa ba. Ku riƙe zancen ginshiƙan nan, za mu komo gare shi.

Abu biyu ne ba a wasa da su a ƙarƙashin ƙasa: ruwa da iska. Mai ginar rijiya a ƙasarmu ruwa yake biɗa, in ya same shi ya yi murna. Mai haƙar darma kuwa ruwa abokin gabarsa ne. Tsagogin da suka kawo tozali su ne kuma hanyar ruwa, dare da rana yana tsattsafowa. Dole famfo ya yi ta aiki ba hutu, ranar da ya tsaya ruwa ya fara hawa. Iska kuma ba ta shiga rami mai baki ɗaya. Sai an huda rijiya ta biyu nesa kaɗan, an haɗa su ta ƙasa, iska ta shiga nan ta fita can. In hakan bai isa ba a sa babbar fanka ta riƙa turawa.

In dutse ya fito sarari, sai a zaɓe shi da hannu, a ware mai walƙiya. Sauran a farfasa a wanke. Dabarar wankin kowace mace ta san ta, don ita ce ta rairayar hatsi: mai nauyi ya kwanta, marar nauyi ya tafi. Tozali ya ninka yashi nauyi kusan sau uku, saboda haka shi ke zama ƙasan kwano. Abin da ruwa ya tafi da shi, da tsakuwar da aka ƙi, sai a jibge su bakin rami. Amma wanki ba ya kama duka. Garin tozali mai laushi yana bin ruwan, ya kwanta cikin jibjin. Shekara da shekaru yana nan.

Narkarwa kuwa mataki biyu ce. A gasa tozali cikin iska har farar wutar ta ƙone ta tashi da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Sa'an nan a haɗa shi da gawayi a hura, darma ta tsiyayo kamar ruwa. Ba ta da wuyar narkewa, zafin digiri 327 ya ishe ta, murhun girki ma yana iya kaiwa nan. Wanga sauƙi nata shi ya sa ɗan Adam ya daɗe da saninta, shi ne kuma ya sa kowa ke ganin zai iya narka ta a bayan ɗaki.

Me ke kashe ramin darma? Ba kullum ne don dutse ya ƙare ba. Rami yana mutuwa ranar da kuɗin fid da ruwa da kuɗin kai kaya bakin teku suka fi kuɗin darma. Kowane taki aka ƙara na zurfi, ruwa ya ƙaru, kuɗin ya ƙaru. Kuɗin darma kuwa ba a bakin rami ake yanka shi ba, a London ake yanka shi. Cikin 1930 kasuwar duniya ta faɗi, darma ta faɗi tare da gyaɗa da auduga. Ramukan Abakaliki sun yi ta fama da ruwa, ana buɗewa ana rufewa, har yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki. Bayan yaƙi man fetur ya zo, hankalin gwamnati ya bar duwatsu. Da darma ta sake daraja a zamanin nan, saboda yawan batir da duniya ke buƙata, sai mutane suka koma ma tsofaffin ramuka, wasu da takarda wasu ba takarda.

Abin da ya faru ran 18 ga Fabrairu 2026

Da sassafen ranar, mutane suna aiki ƙarƙashin ƙasa a Kampani Zurak sai mugunyar iska ta rutsa da su. Ƴan sanda sun ce mutum 37 suka rasu, an kai fiye da 20 asibiti. Yawancinsu samari ne masu ƙarfi a jika. Ministan ma'adinai na Najeriya, Dele Alake, ya ce wurin tsohuwar mahaƙar darma ce da aka bari, mutanen kuwa ba su san haɗarin iskar da ke ciki ba. Ya ba da umurni a rufe wurin a yi bincike. Allah ya jiƙansu.

Ba ƙasa ce ta rufta masu ba, ba ruwa ne ya ci su ba. Iska ce. Ya kamata mu tsaya nan mu fahimta, don irin wagga mutuwa ba ta ba da sanarwa.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kaɗai ke rayar da mu. Cikin ramin da aka rufe shekaru, gumagumai suna ruɓewa, ruɓar tana cin wanga kashi. Duwatsu masu farar wuta suna yin tsatsa, tsatsar ma tana cinsa. Abin da ke maye gurbinsa wata iska ce mai nauyi da ke kwanciya a ƙasan rami kamar ruwa cikin randa. Maginan rijiya na ƙasarmu sun san ta. Shi ya sa tsofaffinsu ke zura fitila kafin su sauka tsohuwar rijiya, in ta mutu ba mai shiga. Wani lokaci kuma ruwan da ya daɗe kwance yana riƙe da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da an motsa shi ta taso. In ta yi yawa hanci ya daina jin warin, mutum ya zaci ta wuce, alhali lokacin ne ta fi kisa.

Akwai ta uku, wadda ta fi su sharri, ita ce iskar da ke fita daga injin fetur ko gawayin da bai ci sosai ba. Masana suna ce mata kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Fitila ba ta mutuwa cikinta, saboda haka dabarar magina ba ta kama ta. Ita ce ke kashe mai ɗaki da ya kwana da kaskon wuta cikin ɗari ya toshe ƙofa. In ta shiga huhu sai ta kama jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Mutum ya ji ciwon kai, jiri, ƙafafu su yi sanyi, ya ce bari in ɗan zauna. Ba ya tashi. To, ku duba abin da ƴan haƙa ke yi in suka iske tsohon rami cike da ruwa: su sauko da injin ban ruwa mai fetur, irin na lambu, su tayar da shi cikin ramin ko bakin ramin. Ruwa na fita, guba na taruwa. A ƙasar Ingila, har 1986 masu haƙar kwal suna shiga da ɗan tsuntsu cikin keji, don shi ke fara faɗuwa kafin mutum. Yanzu ƴar na'ura ce mai kamar salula, tana ƙara in iska ta ɓaci. A ganina, duk mai ramin da ya iya sayen injin ruwa amma bai sayi wagga na'ura ba, bai ɗauki ran leburansa bakin komai ba.

Wani abin da ke ƙara yawan gawa a irin wanga haɗari shi ne zumunci. Ɗaya ya faɗi, ɗan uwansa ya sauka ya ɗauko shi, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Ba mai iya tsayawa yana kallo. Amma wanda ya sauka ba igiya a ƙugunsa, ba a kuma kora iska cikin ramin ba, gawa ta biyu ya kai.

Sai zancen ginshiƙai. Mai shiga tsohon rami ba taswira gare shi ba, kamfanin da ya zana ta ya daɗe da tafiya. In ya haska tocila ya ga tozali tsantsa tsaye yana walƙiya, sai ya ce Bature ya manta da arziki. Bature bai manta ba. Ya bar shi ne don shi ke riƙe da rufi. Mu a jihar Maradi mun san abin da ruftawar rami ke yi. Ran 7 ga Nuwamba 2021 ramukan zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Isa, mutum 18 suka rasu. Waɗancan sababbin ramuka ne ma, bare wanda itacensa ya shekara tamanin cikin ruwa.

Gubar da ke biyo mutum gida

Iska da ruftawa suna kashe wanda ya shiga. Darma kanta kuwa tana kashe wanda bai taɓa ganin rami ba, ta kuma fi son ƙananan yara. Shaidar wanga tana nan kusa da mu, a Zamfara.

Can zinariya ake biɗa, ba darma ba. Amma dutsen zinariyar wasu wurare a ƙasar Anka da Bukkuyum haɗe yake da darma mai yawa. Kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a duniya wajen 2009 da 2010, sai mutane suka riƙa kawo dutsen cikin gari. A daka shi a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Mata na aiki da goyo a baya, masu rarrafe na wasa cikin ƙurar. Mutanen garuruwan sun ce agwagi ne suka fara ɓacewa, ba wanda ya kula. Sa'an nan yara suka soma amai da suma da fizge-fizge, suna mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, magani bai yi ba. Cikin Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke yawon duba sanƙarau, suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa. Aka aika jini waje aka auna, aka ga darma ce.

Masu bincike na Amurka da na Najeriya sun bi gida-gida a garuruwa biyu cikin Mayu na shekarar. Cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara ɗaya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Waɗanda suka rage aka auna jininsu, 97 cikin 100 suna buƙatar magani da gaggawa. A wasu gidaje, cikin ƙasar tsakar gida kashi ɗaya cikin goma darma ce, wato ta ninka iyakar da Amurka ta yarda da ita lokacin har sau 250. Duka-duka an ƙiyasta yara fiye da 400 suka mutu, a Dareta, da Ƴargalma, da Abare, da Sunke, da Bagega da wasu garuruwa.

Maganin akwai shi, ƙwaya ce da ke kama darma cikin jini ta fid da ita ta fitsari. Amma likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani ya koma ya zauna cikin ƙurar da ta sa mashi ciwo. Dole sai an kankare ƙasar kowane gida da fartanya da shebur, an kwashe an binne nesa, an zubo sabuwa. An yi ma garuruwa bakwai haka cikin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin gwamnati har 2013, yara na zaune cikin guba. An yi ma dubban yara magani kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara cikin 2022. Duk da wanga darasi, cikin 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a Najeriya, yara 28 suka mutu.

Me ya sa yara? Yaro hannu a ƙasa, hannu a baki. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro yana tsotse darma ninki huɗu zuwa biyar na babba. In yaron na fama da yunwa ko ƙarancin jini, abin ya fi muni, don jiki na ɗaukar darma a madadin abincin ƙashi da na jini da ya rasa. Tana zama cikin ƙashi da haƙori shekaru. Yarinyar da ta sha ta tana ƙarama, ranar da ta yi ciki darmar na fitowa daga ƙashinta ta shiga ɗan tayi. Wanda bai mutu ba kuma ba lalle ya tsira ba. Wasu sun makance, wasu sun shanye. Mafi yawa ba a ganin komai a jikinsu, sai an sa su lakwal a ga karatu ba ya zama, a yi ta dukansu ana ce masu daƙiƙai. Hukumar ta ce babu wani ɗan kaɗan na darma cikin jini da za a ce ba komai.

Kuma darma ba ta ruɓewa. Wanda ke shakka ya ji labarin Kabwe a ƙasar Zambiya. An gano darma can cikin 1902, aka yi ta haƙa da narkarwa kusan shekara 90, aka rufe cikin 1994. Yau an fi shekara 30 da rufewa, amma tulin dattin da mutanen garin ke kira Baƙin Dutse yana nan, iska na kwasar ƙurarsa tana zubawa unguwanni, matasa marasa aiki na tononsa. Yaran da aka haifa bayan rufewar, har da ɗiyansu, ana auna jininsu ana samun darma. Cikin 2020 lauyoyi suka kai ƙarar kamfanin Anglo American kotu a Afirka ta Kudu a madadin mata da yara wajen 140,000. Kamfanin ya ce ba shi ke da alhaki ba.

Mu nan fa?

Ba a haƙar darma a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji. Amma tana da ƙofofin shigowa. Ta farko ita ce jakar ɗan ci rani. Wandon aiki, da takalmi, da buhun da aka zuba dutse, duk ƙura ce. Wanda ya yi aikin dutse a Zamfara ko Filato ya bar kayan aikinsa can, ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki ɗansa. Kada a kawo dutsen rami gida don a gwada shi a turmin daka. Kada mai injin niƙa ya karɓi dutse ko nawa aka biya shi, don injin da ya niƙa dutse yau, gobe gero zai niƙa. Shi kansa ma'aikacin, in ya dawo da murɗar ciki mai tsanani, da taurin bayan gida, da kasala, ko hannu ya saki daga wuyan hannu, ko ya ga shuɗin layi a dasashinsa, ya je likita ya faɗi aikin da ya yi.

Ta biyu batir ne. Sola ta shiga ƙauyuka, alhamdu lillahi, amma kowane batir yana mutuwa. Masu fasa shi su zubar da ruwan a ƙasa, su narka darmar a gwangwani inda yara ke wasa, suna yin ƙaramin Zamfara ba su sani ba. Duniya ta daina zuba darma cikin man mota tun 2021, amma mafi yawan darmar da ake fitarwa yau cikin batir take tafiya, batir kuwa har ɗakin kwananmu yake.

Ta uku ita ce mai wuyar faɗi, don ta shafi iyayenmu mata: tozali. Cikin 2011, a birnin Boston na Amurka, likitoci suka samu darma cikin jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa ƴan Najeriya ne. Aka bincika gidan ba a ga komai ba, sai kwallin da ake sa mashi a ido. Da aka auna kwallin, kusan kashi 83 cikin 100 darma ce. Ba ta ido kaɗai take shiga ba. Jariri ya murza ido, ya sa hannu a baki, hawaye kuma na gangarawa ta cikin hanci zuwa maƙogwaro. Ba a ce kowane kwalli ba ne, akwai na zamani da ba darma cikinsa. Amma na dutse mai walƙiya, mai nauyi, wanda ake niƙawa, shi ne dutsen da ake tonowa a Zurak. Kada a sa ma jinjiri shi, ko a ido ko a cibiya, mai ciki ma ta haƙura da shi.

In yaro ya kama amai da fizge-fizge, an ba shi maganin zazzaɓi bai ji sauƙi ba, gidan kuwa akwai mai aikin rami ko mai fasa batir, uwa ta faɗa ma malamin likita wanga zance da bakinta tun kafin ya tambaya. Ƙananan likitocin ƙauye ba su da abin awon darma, amma in malamin ya ji aikin uban zai san takardar da zai rubuta zuwa babbar asibitin Maradi.